Hoton Ranar Lumshi Shi Ake Sacewa

Nassarawa G.R.A., Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Uwani,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Abuja lafiya. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin masauki, da sharrin mai washe miki baki yana auna ki da ido. Abbanki yana gaishe ki, ya ce in rubuta miki ki riƙe salla. To na rubuta. Sauran maganar tawa ce.

Na cusa takardar a jakar kyamara, ƙarƙashin batir, don na san can hannunki zai kai ko ba a ce ki duba ba. Da baki na so mu yi, amma duk sanda na ɗauko zancen sai ki ce "To, Mama," idonki na kan waya.

Ba zan ɓoye miki ba, hankalina bai kwanta da tafiyar nan ba. Hajiya Laure ba ni da ta cewa a kanta, na daɗe ina ɗaukar bukukuwan gidanta tun mijinta bai san hanyar majalisa ba. Da ya ci zaɓe ta ce tana son mace mai hoto ta zauna da ita saboda tarukan mata, na ji daɗi da ta zaɓe ki. Sakataren Onarabul mijin nata, Sagir ɗin nan da ya zo ɗaukarki, shi ne ya tsaya min a rai. Zan zo kansa. Bari in fara da sana'a, tunda a tsakiyar damina kika tafi, kuma an ce garin can ya fi namu yawan lumshi.

Kin san Malama Rahila ce ta koya min hoto, mutuniyar Zariyan nan mai koyarwa a makarantar 'yan mata, lokacin muna maƙwabtaka a boskwata kina goye. Ita don sha'awa take yi, ranar Lahadi in an taso daga coci. Ni ma wasa na ɗauke shi, sai da aka ƙaddamar da Shari'a manyan gidaje suka daina barin maza masu hoto shiga wurin kamu da wuni. Nan da nan aka shiga cigiyar "matar nan mai kyamara." Kada ki ɗauka don na fi mazan iyawa aka neme ni. An neme ni ne don a gabana ana iya cire mayafi a saki jiki, kuma abin da aka ɗauka ba zai fita waje ba. Da wannan kaɗai na ciyar da sana'ar har ta kawo gare ki.

Babban aikina na farko wani kamu ne a bayan layinmu, gidan wani tsohon babban sakatare. Tun hantsi gari ya yi lumshi, ba ruwa ba rana. Uwar amarya ta leƙa sama ta ce, "Asabe, wannan duhun ai ba zai yi hoto ba ko?"

Ni kuma da son a ce na iya, na ce, "Haka ne, Hajiya, a jira rana ta fito."

Na zaunar da mata sun sha kwalliya suna jiran rana kamar masu shanyar kuɓewa. Bayan azahar rana ta ɓullo da ƙarfinta, na jera su a tsakar gida na yi ta ɗauka ina jin kaina. Da hotuna suka fito, innalillahi! Kowacce ta runtse ido, ƙasan idanun baƙi ƙirin, ɗaurin ɗankwali ya jefa wa goshi inuwa, gumi ya tsattsaga hoda. Farin leshin amarya ya ƙone fat, ba a ganin ko zare ɗaya na aikin da ke jikinsa. Gwaggon amarya ta ɗaga nata ta juya shi ta ce, "Wannan ni ce, ko tsohuwarmu ce ta dawo duniya?" Aka yi ta dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na kwashi hotunan na kai wa Malama Rahila ina shirin ɗora wa fim laifi. Ta duba ta ce, "Maman Uwani, ba ranar da gari ya lumshe ba ce? Allah ya shimfiɗa miki farin zane a sama yana tace miki haske, ke kuma kika ce a jira a yaye shi?"

Saboda haka in kin tashi kin ga gari ya yi lumshi, ki gode wa Allah ki goge gilashin kyamararki. Hasken ranar a hankali yake sauka, ko'ina daidai. Baƙar fata tana fitowa da sheƙinta, fara ba ta ƙonewa, jan lalle ya fito ja, atamfa ta nuna launinta na gaskiya. Za su ce miki, "Bari rana ta fito." Duk za su faɗa, har masu digirin. Kada ki yi musu da matar manya, ki ce, "Hajiya, bari mu gwada ɗaya kafin ta fito." Ke kin yi sa'a, kyamararki tana nuna hoto nan take a bayanta. In ta ga kanta, ita za ta ce a ƙara.

Amma lumshin ma da nasa tarkon. Kada ki saka sararin sama a hoto. Fari ne fat, ba komai a cikinsa, kuma da kyamara ta gan shi sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta tsuke ido, fuskar mutum ta yi duhu. Na ɓata fim ba adadi kafin in gane haka. Ki sunkuyar da kyamarar, ko ki hau kujera, ki sa bango ko ganyen mangwaro a bayansu. Tunda hasken daga sama yake zubowa, wata idonta zai faɗa ciki. Ki ce ta ɗaga haɓa kaɗan, ki sa wata ta riƙe farin zane a ƙasan ƙirjinta inda ba zai fito a hoto ba. In ba zane, babban tiren silba ma yana yi. In da baranda, ki tsayar da ita a bakinta tana fuskantar waje, nan ne hasken ya fi daɗi. Filashi kuwa ki kashe shi, ba abin da zai ƙara miki sai maiƙon goshi. Akwai 'yar alamar gajimare a maɓallin kyamarar, ki murɗa ta can, in ba haka ba fuska za ta yi shuɗi-shuɗi kamar mai jin sanyi. Sannan ranar lumshi kyamara takan yi nawar ƙiftawa. Ki manne gwiwar hannunki da haƙarƙari, ki riƙe numfashi, ki danna a hankali. Ke da kike ɗaukar hoto da hannu ɗaya kina amsa waya da ɗayan, da ke nake.

Ki kuma bambance lumshi da hadari. In gabas ta yi baƙi iska ta fara kaɗa labule, hasken yakan yi kyau ƙwarai, amma ba ya jira. Da kin ji ƙamshin ƙasa ki mayar da kyamara jaka, gyaranta sai an kai Legas.

Yanzu ga abin da Malama Rahila ba ta koya min ba, duniya ce ta koya min. Rana tana rufa asiri. Duk abin da ke cikin inuwa takan mayar da shi baƙi, ba mai ganinsa a hoto. Lumshi kuwa ba ruwansa, duk abin da ke bayan mutum sai ya fito da shi tas.

Wani suna na je a Giginyu, gidan wani ɗan kasuwa. Gari ya yi luf, na fito da maijego tsakar gida, kanta ba ɗankwali, an yi mata kitso mai kyau, tana rungume da jariri tana dariya. Fuskarta kawai nake kallo. Na kai hotuna na dawo gida ina murna. Kwana biyu sai ga yayar mijin ta yi sallama, ko zama ba ta yi ba ta dangwara min hoton a cinya.

"Asabe, wane ne wannan ƙaton a cikin mata?"

Na duba. Can baya, a inuwar ƙofar kicin, ga mutum tsaye da sifana a hannu, fuskarsa tar kamar shi na je ɗauka. Mai gyaran janareta ne, ta ƙofar baya aka shigo da shi. Wallahi ina jin bawan Allahn nan janaretansa yake kallo. Amma a hoto ya fito kamar maijego ya zuba wa ido, ita kuma kamar shi take yi wa dariya. Na yi rantsuwa, na yi bayani, ina! Mijin mai kishi ne, dangi kuma suka yi ta zuba fetur. Yarinyar nan da ɗanyen jego ta koma gidansu, sai da manya suka sa baki aka mayar da ita. Har yau in mun haɗu a biki takan gaishe ni, amma ba ta sake tsayawa gaban kyamarata ba.

Don haka kafin ki dubi fuska, ki dubi kusurwa huɗu. Ki dubi ƙofa, ki dubi madubi, ki ɗaga kai ki dubi tagogin benen maƙwabta. Lumshi yana fito da mata tsakar gida, benaye kuma sun yi yawa yanzu. In kin ga wata a gefe ta ɗaga waya tana ɗaukar abin da kike ɗauka, ki sauke kyamararki ki ce batir ne, har sai ta gaji ta ajiye. Gobe in hoto ya fita, ba za a ce na waya ba ne, za a ce na mai hoto ne.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne na shagon wanki. A lokacin ina kai fim wani shago a hanyar Badawa, in ajiye in tafi, in dawo washegari in karɓa. Mai shagon mutum ne mai fara'a, "Hajiya, Hajiya" kamar ya goya ni. Na ɗauki wata amarya a nan unguwar ranar sa lalle, an gama yayyafi ke nan, ganye ya wanku, gari bai buɗe ba. Tana zaune a kan tabarma da ɗaurin ƙirji, gashinta a sake, ta miƙo hannuwa tana kallon lallen. Uwani, ban taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba, kuma ban ƙara ba. Na kai wa uwarta har da fim ɗin, ta yi ta sa min albarka.

Ashe mai shago ya wanke nasa. Ya ƙara masa girma, ya sa a gilashi ya rataye a bakin shago don talla. Abokin ango ne ya zo wucewa a babur ya gani. Kafin la'asar ango ya je da 'yan Hisba an sauke hoton, amma rabin mutanen unguwannin Badawa da Gama sun riga sun kalla. Na je shagon na ce, "Malam, me na yi maka?"

Ya ce, "Haba Hajiya, ai yabo ne. Aikin ne ya yi kyau, na ce bari jama'a su gani."

Shi gargaɗi aka yi masa ya ci gaba da kasuwarsa. Ni ce uwar amarya ta aiko wa cewa kada in ƙara taka mata gida. Magana ta zagaye G.R.A., kin san unguwar nan, katanga doguwa amma zance yana tsallake ta. Na daɗe ba mai kirana ko suna. Abbanki ya ce in sayar da kyamarar in huta, na ƙi. Da aka fara kirana kuma, sai na sauya hali. Na koma in tsaya a kan mai wanki, ƙafata ƙafarsa, har injin ya gama. Waɗanda suka lalace ma ba na bari a kwandon shara, in kwaso in ƙona a murhu. Suna ce min Hajiya Kwastan, na ce na ji, na gode.

Abin da na fahimta shi ne, ba mai satar hoton da aka runtse ido a cikinsa. Mai kyan ake sacewa, mai kyan kuma na ranar lumshi ne. Duk abin da na koya miki a sama, in kin iya shi, ya ƙara miki abin tsaro ne.

To, mu dawo kan Sagir.

Ranar da ya fara zuwa gidan nan kina ciki kina haɗa shayi, ba ki ji farkon zancen ba. Ya zauna ya harɗe ƙafa yana kaɗa makullin mota, ya ce, "Mama, ai yanzu an huta da wahalar fim. In ta gama ɗauka, memorin kyamarar kawai za ta riƙa ba ni, ni zan kai a wanke. Kada ta sha wahalar gari, ba ta san Abuja ba."

Na ce, "Allah sarki, an gode. Hajiya ce ta ce a yi haka?"

Ya ce, "Ai ni da Hajiya duk ɗaya ne."

Namijin da ba a bari ya shiga falon mata, shi ne zai riƙe duk abin da aka ɗauka a falon? To me aka yi ke nan? Da ma sai a ba shi kyamarar ya shiga da kansa.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki albom ɗin da ke kan tebur, na samfurin da nake nuna wa masu biki, wanda kowa a ciki da mayafinta. Ya buɗe ya rufe, bai sami abin da yake nema ba. Sai ya ce, kamar zancen ya faɗo masa ne, "Mama, ba ke kika ɗauki bikin 'yar Alhajin nan da ya nemi kujera da Onarabul ba? An ce matarsa ta taka rawa ranar, har ɗankwali ya faɗi. Kina da ragowar hotunan?"

Na ce, "Ba na ajiye ragowa."

Ya yi dariya ya ce, "Wasa nake, Mama."

Da walakin, goro a miya. Me sakataren ɗan majalisa zai yi da hoton matar abokin hamayya tana rawa ba ɗankwali? Ke yarinya ce, amma kin ga zaɓen da ya wuce. Kin ga yadda kowane ɗan takara yake rantsuwa ya fi kowa kishin Shari'a. A irin wannan kasuwar, hoton matar wani kai a buɗe ya fi fosta dubu aiki. Matan da za ki ɗauka a falon Hajiya Laure matan 'yan siyasa ne. Yau mazansu suna cin tuwo a kwano ɗaya, gobe suna kotu. Su matan ba su tsaya takara ba, sun cire mayafi ne don sun ga 'yar Asabe ce riƙe da kyamara.

Da na gaya wa Abbanki, ya ce, "Asabe, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya." Na ce Allah ya yafe min, amma in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Da na gwada gaya miki, kika ce, "Kai Mama, ke kowa ɓarawo ne a wurinki." Na kuma lura kin sake ɗankwali sau biyu kafin ki fito da shayin nan. Ba na ce komai ba, ido ne da ni, sana'ata ke nan. Wataƙila yaron kirki ne, bakinsa ne ya fi hankalinsa sauri. In haka ne, ranar da na tabbatar zan nemi gafararsa a gabanki. Kafin ranar, ki bi tawa.

Memori daga hannunki sai hannun Hajiya Laure, ita ma a gaban idonki za a kai wanki, ki tsaya a kan injin har a gama. Kada ki yarda a zuba shi a kwamfutar ofis, ko ta wane ne. Kada ki ce ai kin goge, yaron shagon da nake zuwa yanzu ya nuna min da idona yadda ake dawo da abin da aka goge. In wata ta ce a cire nata, ki cire a gabanta ba tare da kin tambayi dalili ba. In Sagir ya ce Onarabul ne ya aiko shi, ki ce to, bari ki ji daga bakin Hajiya. In Hajiyar da kanta ta ce ki ba shi, ki ce mata, "Ki ba ni daren nan in tace su," sannan ki kira ni. In kuwa aka tsare ki aka ce sai kin bayar, ki zare shi ki sa a ƙarƙashin dugadugin takalminki ki murƙushe, ki ɗauki jakarki ki nufi tasha. Za su kore ki, za su ce ba ki da kunya, wataƙila su riƙe haƙƙinki. Ki bar musu. Ba zan tambaye ki me ya faru ba, ruwan wanka zan ɗora miki. Aiki in ya tafi wani yana zuwa, amma matar da hotonta ya fita ta hannunki, ba ki da abin da za ki biya ta da shi, ni na sani.

Saura abu ɗaya. In kin buɗe kyamarar za ki ga sabon memori ne a ciki, ba wanda kika sani ba. Kada ki zargi kowa, ni na sauya.

Shekaranjiya da yamma gari ya lumshe, kika fita bayan gida kwashe shanya. Ba ɗankwali a kanki, kin rungumo kaya har haɓa, kin ɗaga kai kina duban sama ko ruwa zai sauko. Ina kicin na hango ki. Na ɗauki 'ya'yan mutane ba iyaka a garin nan, amma ke kin san ke ce ta fari, ban taɓa iya buɗe baki in ce miki tsaya in ɗauke ki ba. Duk hotunanki da ke gidan nan wasu ne suka ɗauka. Kyamarar tana kan tebur, na ɗauka, na duba kusurwa huɗu, na danna sau ɗaya ta taga. Sai kika juyo, na yi maza na ajiye kamar ina goge ta. Ko duba bayanta ban samu na yi ba.

Memorin yana ƙulle a bakin zanena. Ba ni da abin da zan kalle shi da shi, kyamarar tana hannunki. Abbanki ya ce in kai shago a wanke min mana, minti nawa ne. Na ce 'yata ce a ciki, kanta a buɗe. Ban ma sani ba ko ya yi kyau, ko hannuna ya yi rawa. Zan jira.

Allah ya tsare min ke, gaba da baya, dama da hagu. Allah ya rufa asirin duk wadda ta tsaya a gabanki, ya rufa naki. Allah ya kunyata zatona. Ya dawo min da ke lafiya, ke da kyamarar, in ga abin da na ɗauka.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Asabe mai hoto.